Gwaggo Talo-talo

Masu karatu, yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan ba ku ni kaina ban gama haɗiye shi ba. Ina rubutawa ina ajiye wayar, in kifa fuska a filo, in sake ɗauka.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce ƙarama a gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana har maƙwabta. Sana'ata wasan 'yar tsana. Ba irin wadda yara suke goyawa ba, irin wadda ake zura hannu a ciki, a motsa bakinta, a yi mata murya. Ni nake ɗinka su da tsofaffin safa da maɓallai da guntayen ƙyalle. Muna da wani akwatin katako mai tsayin mutum, da taga a sama da shuɗin labule. Ni ina durƙushe a ciki, ƙawata Doguwa tana gefe da ɗan piyanonta mai batir, mu bi makarantun ƙananan yara muna ba su labari da waƙa. Akwai Ɗan Akuya mai rashin ji, akwai Kwaɗo mai son barci, akwai Bushiya da ba ta son wanka. In na shiga akwatin nan na ji yara sun ɗauki amshi, wallahi har ciwon gwiwa nake mantawa.

Umma ce dai ba ta taɓa kallon abin a matsayin aiki ba.

"Duk karatun da kika yi, a ce ƙarshensa ki sa safa a hannu kina kukan akuya," haka take cewa in ta gan ni da allura. "Ni in aka tambaye ni a cikin mutane me zan ce?"

Likita kuma, wanda yake nemana da aure, a asibitinsa muka haɗu, haƙori ya kai ni. Ina kwance a kujerarsa, bakina a buɗe, auduga cike da kumatuna, ya tambaye ni aikin da nake yi. Na ce "makarantun yara" yadda audugar ta bari.

"Ashe malama ce," ya ce.

Na gyaɗa kai, don ba halin magana. Bayan nan na samu halin magana sau ba adadi, ban gyara ba. A wayarsa Malama ya sa mini. Kullum da safe saƙonsa ne yake fara shigowa: *Malama, an tashi lafiya? A gaishe da ɗalibai.* Ni kuma in rubuta: *Za su ji.*

Da na faɗa wa Umma damuwata, ko ɗago kai ba ta yi daga ninkin kayan da take yi ba.

"To ƙarya kika yi? Ba a makaranta kike wuni ba? Ki bar shi a haka har a wuce wurin. Yaron kirki irin wannan ba kullum yake ƙwanƙwasa ƙofa ba. Kuma akwatin nan ki kai shi gidan su Doguwa, kar ya zo ya gan shi a tsakar gida."

Na kai.

Ranar da ya ce zai kai ni in gaishe da mahaifiyarsa, doguwar riga na sa mai ruwan toka, da ƙananan furanni a wuyan hannu, da baƙin mayafi, da takalmin Yaya marar tsini. Umma ta zagaya ni ta cire wani zare a kafaɗata. Sai da muka hau titi ya ce, "Za ku daidaita da Mama, aikinku ɗaya. Shugabar makaranta ce kafin ta yi ritaya. Malama Babba kowa yake ce mata."

Na yi murmushin yaƙe.

Falon nata tsaf yake kamar ba a zama a ciki. Kujeru masu ruwan ƙasa, kowace da farin ƙyalle a hannunta, hotunan ɗalibai a jere a bango, littattafai daga dogo zuwa gajere. Ita kuma 'yar siririya ce mai dogon wuya, gilashinta a ƙarshen hanci, ta samansa take kallon mutum. Na durƙusa na gaishe ta, muryata can ƙasa. Sai ta ƙwanƙwasa teburin gefenta sau biyu da zobenta.

"Ba haka ake yi ba. Sake. Malama ba ta magana a cikin riga."

Na sake. Da aka kawo shayi na karɓi butar in zuba mata, na cika kofin har baki. Ƙwas, ƙwas.

"Ba haka ake yi ba. Sake."

Likita ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

"Wane aji kike ɗauka?" ta ce.

"Ƙanana, Mama."

"Da me kike fara musu da safe?"

"Da waƙa."

Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce, "Hm." Amsar waƙar nan ce kaɗai gaskiya a duk abin da na faɗa ranar. Kuma don in yi mata adalci, da za mu tafi ta tashi da kanta ta zaro wani littafin hotunan dabbobi, ta goge bayansa da tafin hannu, ta ce in kai wa ɗalibaina.

Ni dai ba littafin na riƙe a rai ba, "sake" ɗin na riƙe. Washegari a ɗakin Doguwa, ina ba ta labari, na ɗaga wuya, na sauke ido ta saman hanci, na ƙwanƙwasa gefen gado. Muryar ta fito daidai, har da ɗan karkarwar da take yi a ƙarshen kalma. Doguwa ta faɗi a kan katifa tana riƙe da ciki.

"Auta, wannan muryar asara ce a bar ta a ɗaki."

Da ma kunnena haka yake, in na ji mutum sau ɗaya na ɗauke shi. Kafin la'asar mun gama ɗinka wa muryar 'yar tsana: jar safa ce wuyan, ƙyalle mai ruwan ƙasa ne jikin, na lanƙwasa waya na yi mata gilashi, na ɗinka mata wani ƙaton maɓalli a fiffike don ƙwanƙwasa katako. Muka sa mata Gwaggo Talo-talo. Na ce wa kaina ai ba wanda zai sani. Yara 'yan shekara huɗu ina za su san ta?

Ba mu taɓa yin abin da yara suka so kamarta ba. Labarin mai sauƙi ne. Ɗan Akuya yana koyon wanke hannu da sa takalmi da gaisuwa, Doguwa tana kiɗa, ni ina rerawa da muryarsa:

*Na wanke, na wanke, na wanke tas,*
*ruwa a hannu, sabulu a tasa.*

Sai Gwaggo ta leƙo a hankali, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta ce, "Ba haka ake yi ba." Yara kuma su haɗa baki su ce, "Sake." A ƙarshe ita ma ta zo sa takalminta ta sa na dama a hagu, yaran su juya mata maganarta, gilashin ya faɗa bokiti. Shugabannin makarantu suka fara kiran Doguwa suna cewa mai talo-talon suke so.

Haka wata makaranta da ba mu taɓa zuwa ba ta gayyace mu ranar da iyaye suke zuwa ganin yaransu. Da safen saƙonsa ya shigo: *Malama, yau zan raka Mama wani taro. Sai na dawo.* Na amsa: *Allah ya tsare.* Ko a raina ban haɗa ba.

Mun kafa akwati tun kafin a buɗe zauren, na shige ciki, don ba na so yara su gan ni kafin wasa. Kayan aikina ne a jikina: tsohuwar baƙar riga, baƙin ɗankwali, da tawul biyu da nake ɗaurawa a gwiwoyi. Ina jin ana jan kujeru, ana jawabi, ana tafi, ba na sauraro, ina gyara wa Gwaggo gilashi. Doguwa ta buga alamar farawa, na ɗaga Ɗan Akuya.

Baiti na farko ya tafi lafiya. Gwaggo ta leƙo, ta ƙwanƙwasa, ta yi maganarta, yara suka fashe. A baiti na biyu sun riga sun iya amshin. A nan ne na ji yatsun Doguwa sun yi tuntuɓe a kan piyano, abin da ba ta taɓa yi ba. Kafin in yi tunani, wata siririyar murya ta tashi daga layin gaba, tsaf, yadda kowa zai ji.

"Kaka ce. Kawu, ji, Kaka ce a ciki."

Sai wata dariya ta taso, ba irin ta yara ba, dariyar manya ce da ake dannewa tana kufcewa.

Akwai wata 'yar kafa a ƙasan tagar akwatin da muka rufe da raga, ta nan nake leƙen yara. Na kai idona. Malama Babba ce a kujerar babbar baƙuwa, bayanta a miƙe, jakarta a cinya. Wata yarinya mai jan ribon a kai ta taso daga cikin yara tana jan hannunta tana nuna akwatin. Malaman makarantar suna tsaye a jikin bango, biyu sun toshe baki da mayafi, ɗaya ta juya wa mutane baya kafaɗunta suna rawa. Daga baya na ji cewa rabinsu a ƙarƙashinta suka yi aiki, shugabar ma ɗalibarta ce. A can baya kuma, kusa da ƙofa, Likita ne tsaye da gorar ruwan yarinyar a hannu.

Masu karatu, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Hannuna na dama yana sama da uwarsa a kai, yara suna jira. Na so ƙasa ta tsage. Na yi ƙoƙarin sauya muryar, na siranta ta, na mayar da ita ta wata tsohuwa daban. Wani yaro ya ce, "Ba ita ba ce," saura suka ɗauka, "A dawo da Gwaggo." Doguwa tana ta maimaita kiɗa ɗaya tana kallon ƙasa. Na dawo da ita. Na yi takalmin, na yi gilashi a bokiti, na yi duka, hawaye yana shiga mini baki ina rera waƙar sabulu.

Na yi zaton an gama. Sai shugabar makarantar ta ɗauki makirfo, muryarta ita ma ba daidai ba, ta ce bari masu wasan su fito, babbar baƙuwa za ta miƙa musu kyauta.

Na fito ta bayan labule da tawul a gwiwoyi, gumi ya jiƙa ni sharkaf, ɗankwali ya karkace. Sai da na isa gabanta na lura ban cire Gwaggo daga hannuna ba. Ta dubi fuskata. Ta dubi jar safar da gilashin waya. Ta miƙo mini 'yar kyautar da hannu biyu.

"Sannu da aiki, Malama."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire gilashinta, ta ninke, ta saka a jaka, ta kama hannun jikarta. Likita bai ƙaraso ba. Ya buɗe musu ƙofa, ya bi bayansu.

A gida na tarar da Umma tana guga. Na ba ta labarin a tsaye, ban rage komai ba. Ta kashe dutsen gugar, ta zauna a bakin gado.

"Ni na ce ki ɓoye akwati. Ban ce ki ɗauki uwar mutum ki saka a ciki ba."

"Umma, ke kika ce in bar shi a malama."

"Na ce." Ta murza gefen zaninta. "Wannan nawa ne, na ɗauka. Ɗayan fa, na wa?"

Na shiga ɗaki na yi ta rubuta saƙo ina gogewa. Mai tsawo, mai bayani, mai rantsuwa. A ƙarshe na tura: *Ka yi haƙuri.* Na ga ya karanta. Shiru. Washegari da safe wayar ba ta yi ƙara ba, na yi ta duba ko cajinta ne ya ƙare. Sai bayan azahar: *Ina waje.*

A falonmu ya zauna, rigar asibiti a jikinsa, bai taɓa lemon da Umma ta aiko ba. Ni ina ƙasa a gefen kujera, na ja mayafi har goshi.

"Na yi dariya, kin sani?" ya ce. "Tun kafin yarinyar ta yi magana na gane muryar, ban san ke ce ba, na yi dariya. Shi ya fi damuna."

Ya ɗago ya dube ni.

"Kuma kin iya. Yaran da ba sa zama, ba wanda ya motsa. Ni da kullum sai na yi lallashi kafin yaro ya buɗe mini baki. Me ya sa kika ɗauka zan raina wannan?"

"Kunya nake ji."

"Kunyar aikin, ko ni ne ba ki yarda da ni ba? Kullum ina cewa a gaishe da ɗalibai, kina cewa za su ji."

"Suna ji," na ce, kamar wata sakara. Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba.

"Mama ba ta ce komai a kanki ba. Ko sunanki ba ta kira ba. Amma jiya da yamma yarinyar ta ajiye kofi a bakin tebur. Mama ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai yarinyar ta fara dariya tun kafin ta yi magana. Mama ta sauke hannun. Ta tashi ta ɗauke kofin da kanta." Ya shafa fuskarsa. "Tun da nake ban taɓa ganin magana ta tsaya mata a baki ba."

Wannan ya fi mini zagi ciwo. Da ƙyar na ce, "Maganarmu fa?"

"Ban sani ba, Auta."

Bai taɓa kirana da wannan sunan ba sai ranar.

Umma ta so a tura Yaya da ƙanwar Abba su je ban haƙuri. Na ce a'a, ba su suka ɗinka ta ba. Na kira Doguwa na ce ta faɗa wa makarantu Gwaggo ta daina fitowa. Ta ce, "Ita fa suke nema." Na ce na sani. Ta yi ajiyar zuciya ta ce ita ma da hannunta a ciki, ko ta raka ni? Na ce ta bari.

Ban faɗa wa Likita zan je ba. Riga mai sauƙi na sa, wadda nake zuwa kasuwa da ita, ba hoda ba turare. Jikar ce ta buɗe mini ƙofa, tana ganina ta washe baki tana leƙen hannuna. Malama Babba ta ce mata ta shiga ciki, ta shiga tana waiwaye.

Malama Babba tana kujerarta ta rannan, ba gilashi a fuskarta. Idanunta sun yi ƙanana, da ɗan shatin gilashin a karan hanci. Na durƙusa, na ɗaga murya yadda za ta ji.

"Mama, ni ba malama ba ce. Wasan 'yar tsana nake yi, shi ne aikina. Na yi miki ƙarya a falonki. Kuma na ɗauki muryarki don haushin gyaran da kika yi mini, na sa yara suna dariya. Ba ni da hujja. Ki yafe mini."

Ta nuna mini kujerar da ke kusa da ita.

"Tashi ki zauna a kujera."

Na zauna a bakin-baki.

"Ƙaryar, tsakaninki da ɗana ce, shi zai ga abin da zai iya. Dariyar yara kuma ba ta dame ni ba, yaro yana dariya in tsuntsu ya yi atishawa." Ta gyara zaman zoben a yatsarta. "Malaman nan ne. Wadda ta juya baya, ni na koya mata riƙe alli. Da ta haihu ni na kwana da ita a asibiti. Dariyar da suka yi ba ta ranar ba ce, ta daɗe a cikinsu."

Muryarta ta ɗan yi karkarwar nan da na sani, wadda na sata. Na ji kamar in toshe kunnena.

"Sau ɗaya kika gan ni kika kwashe ni duka. To kina da ido, kuma ba ki ƙarƙashina. Duk shekarun da na yi a gaban allo ba wanda ya faɗa mini, ɗana ma ba zai faɗa ba. Ke za ki faɗa." Ta matso gaba. "Mutanen da na koyar, girmama ni suke yi, ko jira suke in bar ɗakin? Kin ba ni amsar ƙarya sau ɗaya. Ba na son ta biyu."

Na buɗe baki ke nan na ji motsi a bayana. Likita ne a bakin ƙofar falon, makulli a hannunsa, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Bai shigo ba, bai kuma koma ba. Malama Babba ta gan shi, ba ta ce masa ya fita ba.

"Muna jinki," ta ce.